Na'urar sanyi ta motar tafi-da-gidanka tana kayar mini da birekar gareji

Abban Yara, Teksas:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar wutar lantarki a ƙasar nan ta Amurka. A bara na sayi motar tafi-da-gidanka ta hannu, wato motar da ake zama a kwana a cikinta kamar gida, irin mai gado a saman mazaunin direba, tsawonta ƙafa 28, tana da na'urar sanyi guda ɗaya a kan rufi, ƙirar Dometic mai ƙarfin sanyaya na BTU 13,500. Duk lokacin da muka je sansanin da ake ajiye irin waɗannan motoci, inda akwai soket na amfiya 30 (amfiya ma'aunin yawan wutar da ake ja ce), ba ta taɓa ba mu matsala ba. Yanzu surukata da ƙanenta za su zo daga gida a watan Yuli su yi mako uku, kuma shawarar da muka yanke da uwargida ita ce a bar musu ɗakuna biyu, ni da yara maza mu koma kwana a motar, wadda take ajiye a gefen gida.

Jiya na gwada. Na sa adafta, na jona da doguwar waya mai ruwan lemo da nake amfani da ita wajen yankan ciyawa, na kai ta soket ɗin gareji. Na'urar ta tashi lafiya, sanyi ya fara saukowa, amma bayan kamar minti 25 sai bireka, wato makunnin nan na akwatin wuta da yake yanke wuta idan an ja fiye da ƙima, ta faɗi. Na mayar da ita, ba ta kai minti 15 ba ta sake faɗuwa. A karo na uku uwargida ta leƙo ta ce fitilar firizar da muka ajiye naman layya a ciki ta mutu, in bar mata wutarta. Shin akwai hanyar da na'urar nan za ta yi aiki da wutar gida, ko sai na haƙura?

Alhaji Mai Tirela, Dalas:
Wa alaikumus salam. Malam Abba, wannan matsala tsohuwa ce kuma maganinta sananne ne. Lokacin da kwamfuresa, wato injin cikin na'urar sanyin, za ta tashi takan fizgi wuta mai yawa a cikin ƙiftawar ido, abin da yakan wuce amfiya 50, alhali birekar garejinka ta 15 ce ko ta 20. Ka sayi na'urar sassauta tashi, irin su Micro-Air EasyStart, a ɗaura maka ita a cikin murfin na'urar sanyin can bisa rufi. Wayoyi kaɗan ne ake haɗawa. Tana rage wannan fizgar da fiye da rabi. Ni da ita nake kunna tawa da ƙaramin janareta na Honda mai wat 2,200, kuma shekara uku ke nan ban ji kanta ba.

Injiniya, Ohayo:
Alhaji, ranka ya daɗe, bayaninka a kan fizgar tashi daidai ne, amma ina roƙon a sake karanta abin da Malam Abba ya rubuta kafin ya kashe kuɗinsa. Ya ce na'urar ta tashi lafiya, ta yi minti 25 tana aiki, sannan bireka ta faɗi. Da fizgar tashi ce matsalar, da a daƙiƙar farko za ta faɗi, lokacin da ake jin kwamfuresa ta yi ƙara. Bireka irin ta gidajen nan hanya biyu take da ita ta yanke wuta. Akwai maganaɗisu a cikinta wanda yake yankewa nan take idan wuta mai tsananin yawa ta wuce, akwai kuma wani ɗan ƙarfe da yake ɗumama a hankali idan ana jan abin da ya ɗan wuce ƙa'ida, har ya lanƙwashe ya saki. Wannan na biyun shi ne ya kayar da birekar Malam Abba, kuma shi ya sa a karo na biyu ba ta daɗe kamar na farko ba, domin ƙarfen bai gama hucewa ba aka mayar.

Lissafin ba shi da wuya. Wutar soket a nan bolt 120 ce. Layin amfiya 15 iyakarsa wat 1,800, kuma ƙa'idar aikin lantarki ta ƙasar nan ta ce kayan da zai daɗe yana aiki ba tsayawa, awa uku ko fiye, kada ya wuce kashi 80 cikin ɗari na ƙarfin layin, wato amfiya 12 a layin 15, ko 16 a layin 20. Na'urar sanyi ta BTU 13,500, idan aka haɗa kwamfuresa da fanka, takan ci tsakanin amfiya 12 da 15, gwargwadon samfurinta da zafin da ake yi a waje, domin iyakar zafin rana iyakar wahalar kwamfuresa. Ka ga ita kaɗai ta cinye layin 15. A kan wannan kuma akwai firizar Hajiya, akwai injin buɗe ƙofar gareji idan layinsu ɗaya, sannan akwai abubuwan da suke cikin motar waɗanda suke shan wuta ba tare da mutum ya lura ba. Cajar batir ɗin motar, idan batir ya yi ƙasa, tana iya jan amfiya 8 ko fiye har sai ya cika. Firjin motar, idan an bar shi ya zaɓi wuta da kansa, da zarar an jona zai bar gas ya koma lantarki, ya ɗauki kusan amfiya 3. Hitar ruwa, idan mai lantarki ce kuma maɓallinta yana kunne, ita kaɗai tana kai wa 12. Na'urar sassauta tashi ba ta rage ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma ba ta rage abin da kwamfuresa take ci bayan ta tashi.

Kawu, Niyok:
Ni dai ban san lissafi ba, amma idan birekar 15 ce take faɗuwa, me zai hana a cire ta a sa ta 20 ko ta 30? A kantin kayan gini ba ta kai kuɗin abincin rana ba.

Injiniya, Ohayo:
Kawu, don Allah a yi mini afuwa, wannan kam kada kowa ya yi shi. Bireka ba don kare na'ura aka sa ta ba, don kare wayar da take cikin bango aka sa ta. Layin amfiya 15 da waya mai lamba 14 ake jan sa, na 20 da mai lamba 12, na 30 da mai lamba 10, kuma a wannan ma'auni ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri. Idan aka ɗora birekar 30 a kan waya mai lamba 14, wayar za ta riƙa zafi a cikin bangon katako da auduga, bireka kuwa tana zaune ba ta ga laifin komai ba. Duk mun san abin da ake yi a gida idan fiyus ya ƙone, a samo zaren waya mai kauri a naɗe a mayar, kuma mun san shagunan da suka tashi da tsakar dare ta wannan hanya. Can ma gini na bulo ne. Gidajen nan kuwa itace ne tun daga ƙasa har rufi.

Kawu, Niyok:
Na janye. Allah ya kiyaye. Mu da muke haya a bene ba mu taɓa buɗe akwatin wutar ba ma.

Alhaji Mai Tirela, Dalas:
Injiniya, na yarda da batun minti 25, ban lura da shi ba. Amma ban yarda na'urar sassauta tashi ba ta da amfani a nan ba. Kwamfuresa ba sau ɗaya take tashi ba, cikin dare takan tsaya ta sake tashi sau da yawa, kuma a kan doguwar waya kowane tashi wahala ne, za ka ji ta tana gurnani kafin ta kama. Ko ya gyara sauran abubuwan, wannan gurnanin yana rage mata kwana.

Injiniya, Ohayo:
Wannan gaskiya ne, Alhaji, ban ce ba ta da amfani ba. Cewa na yi ba ita ce ta farko a layi ba. Kuma ka taɓo abin da ya fi damuna fiye da birekar, wato wayar yankan ciyawa. Malam Abba, ka duba jikinta, akwai rubutu da aka buga a kan robar, za ka ga lamba kamar 16/3 ko 14/3, ta farkon ita ce lambar kaurin wayar, ka kuma faɗa mana tsawonta. Kowace waya tana cinye wani abu daga ƙarfin wutar da take ɗauke da shi. A tsawon ƙafa 100, idan ana jan amfiya 14, waya mai lamba 16 tana zubar da kusan bolt 11, mai lamba 14 kusan 7, mai lamba 12 kamar 4 da rabi, mai lamba 10 kuma ƙasa da 3. Wannan ban da abin da ya riga ya zube a cikin bango tsakanin akwatin wuta da soket, ban da kuma raguwar da ake samu a unguwa gaba ɗaya da la'asar a watan Yuli, lokacin da kowane gida ya kunna sanyi.

Kwamfuresa ba kamar ƙwan fitila ba ce da zai dusashe kawai idan wuta ta yi rauni. Ita nauyin da take turawa bai ragu ba, saboda haka idan bolt ya sauka sai ta ƙara jan amfiya, naɗin wayar cikinta ya yi zafi, wayar waje ta ƙara zubar da bolt, abu ya riƙa ciyar da kansa. Wanda ya taɓa rasa firji a gida saboda rabin wuta ya san wannan, shi ya sa kowa yake sayen sitabilaiza. Na'urorin kariya da ake sayarwa don waɗannan motoci, irin na Progressive Industries, suna yanke wuta da kansu idan ta sauka ƙasa da bolt 104, kuma ni ko 108 na gani hankalina ba ya kwanciya. Faɗuwar bireka aƙalla gargaɗi ne da kake ji. Raunin wuta kuwa shiru yake aikinsa, sai ranar da kwamfuresa ta ƙi tashi.

Maman 'Yan Biyu, Arizona:
Assalamu alaikum. Yaya Abba, ni ba injiniya ba ce, amma shekara biyar muna da irin wannan mota a garin da daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Yulin 2023 aka yi kwana 31 a jere kullum zafin rana yana kai wa digiri 110 ko fiye a ma'aunin Faranhait ba, saboda haka na ɗan koyi halinta. Mutane suna mantawa cewa motar nan akwati ce ta siririn bango da tagogi, idan ta wuni a rana komai na cikinta ya ɗauki zafi, katifa da kujeru da kabad, kuma wanda ya kunna sanyi da ƙarfe biyar na yamma yana neman na'urar ta kwashe zafin wuni guda a lokacin da ta fi shan wuta. Mu da sassafe muke kunnawa kafin rana ta ɗaga, a rufe gilashin gaba da abin nan mai ƙyalli, a toshe ramukan iska na rufi da matashi, a saki rumfar gefe idan tana fuskantar yamma. Ka cire matatar iska ta ciki ka wanke, sannan a hau rufi a buɗe murfin a duba haƙarƙarin na'urar, wato siraran ƙarafan da iska take ratsawa. Mu da muka buɗe tamu mun tarar da ƙura da tsohuwar sheƙar zanzaro sun toshe kusan rabinta. Na'urar da ba ta numfashi da kyau ta fi cin wuta.

Ku kuma da kuke da danshi a Teksas, ka bar fankar a kan babban gudu, domin a ƙaramin gudu ƙanƙara tana iya taruwa a ciki ta toshe iska, ka ji na'ura tana ƙara amma babu sanyi. Idan duk wannan ya gagara, tunda kwana kawai za ku yi, ƙaramar na'urar taga ta BTU 5,000 amfiya 4 zuwa 5 take ci, kowane soket zai ɗauke ta, kuma ta isa wurin kwana idan an ja labule an raba shi da gaba. Ba ta da kyan gani a jikin mota, maigidana har yau yana mita, amma ta fitar da mu.

Abban Yara, Teksas:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Bayan sallar la'asar na bi abin da Injiniya ya ce ɗaya bayan ɗaya. Wayar 16/3 ce, ƙafa 100, kuma rabinta a naɗe take a kan abin naɗinta domin nisan bai kai haka ba. Birekar gareji 15 aka rubuta a kanta, kuma da na kashe ta sai na ga firiza da fitilar waje da soket ɗin bayan gida na baƙi duk sun ɗauke tare. Firjin motar yana kan zaɓin kansa kamar yadda aka faɗa, na mayar da shi gas. Hitar ruwa a kashe take. Na ari ƙaramar mita daga maƙwabcina na soka a soket ɗin cikin mota: kafin in kunna sanyi 121 take nunawa, da kwamfuresa ta kama sai ta sauka 106, bayan minti goma ta koma 103. Na kashe nan take. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne da na je cire adaftar, irin ƙaramar nan baƙa mai kama da dunƙulen sabulu, sai da na saki saboda zafi, kuma ɗaya daga cikin ƙafafunta ta canja launi, robar gefenta ta ɗan narke. Wayar da take a naɗe ita ma da ɗumi sosai, kamar an shanya ta a rana.

Injiniya, Ohayo:
Alhamdu lillahi da ka taɓa ta da hannunka, domin yanzu ba sai na yi dogon bayani ba. Wannan adafta ta gama aiki, ka jefar da ita, kuma ka sa a duba soket ɗin garejin, domin idan ƙafar fulogi ta ƙone haka, galibi maƙallan cikin soket ɗin ma sun saki, kuma soket mai sako-sako shi ne yake haifar da zafi. Idan za ka sayi wata, ka sayi mai guntuwar waya mai kauri tsakanin kawunanta biyu. Waya kuma ba a barin ta a naɗe tana ɗauke da kaya mai nauyi, zafin ba ya samun hanyar fita.

Na wucin gadi, ka nemi layin amfiya 20 wanda babu kowa a kansa. A gidajen nan ƙa'ida ta tanadi layin 20 na musamman don injin wanki, kuma sau da yawa ɗakin wankin yana jikin gareji. Gareji kansa sai a bugun ƙa'idar na 2017 aka wajabta masa layin 20, shi ya sa tsofaffin gidaje da yawa suke da 15. Ka duba lambar a kan bireka, kada ka dogara da fuskar soket, domin ana halatta soket mai fuskar 15 a kan layin 20. Ka matso da motar iyakar yadda za ta matso, ka yi amfani da wayar motar kanta, idan ba ta kai ba ka ƙara da mai lamba 10, gajera gwargwadon hali. Firji a kan gas, hita a kashe, batir ya kwana yana caji kafin ka kunna sanyi, kuma a gaya wa yara cewa na'urar ɗumama abinci da ke cikin motar ba ta aiki har sai baƙi sun tafi, domin ita ma tana kai wa amfiya 12. Idan wuta ta yanke, a jira aƙalla minti uku kafin a sake kunnawa, iskar gas ɗin cikin na'urar sanyin ta daidaita. Da wannan na'ura ɗaya za ta yi aiki a layin 20. A layin 15 kuwa, ko ta yi, a bakin rami take tafiya, kuma ba zan kwantar da yara a ciki in yi barci ba.

Ɗan Agadas, Karolina ta Arewa:
Salamu alaikum manya. Ina da tambaya da kuma shawara. Motar ba ta da janareta nata? Yawancin masu wannan girma suna zuwa da Onan na wat 4,000, wanda yake shan mai daga tankin motar, kuma ya fi ƙarfin na'ura ɗaya nesa ba kusa ba. Shawarar kuma ita ce inbata irin Victron MultiPlus, wadda ake gaya mata iyakar abin da za ta ja daga gida, misali amfiya 12, idan na'ura ta nemi fiye da haka sai ta cika ragowar daga batir. Wani abokin aikina haka ya yi, kuma a soket na 15 yake jonawa.

Maman 'Yan Biyu, Arizona:
Ƙanina, janareta a gefen gida cikin dare, mutane suna barci a mota da kuma cikin ɗaki, wannan ban goyi baya ba ko kaɗan. Iskar gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi, kuma idan mota tana tsaye kusa da bango iskar ba ta da inda za ta, sai ta taru a ƙarƙashi ta shiga ta kowace kafa. Hukumar lafiya ta CDC cewa take a nisanta janareta da gida aƙalla ƙafa 20, nesa da ƙofa da taga. Yaya Abba yana Teksas, ya san yadda asibitoci suka karɓi mutanen da hayaƙin janareta ya kama bayan guguwar Beryl a Yulin 2024. Ga ƙara, ga maƙwabta, ga mai kusan rabin galan kowace awa har mako uku.

Injiniya, Ohayo:
Hajiya ta gama magana a kan janareta. Inbatar kuwa dabara ce mai kyau, amma a duba lissafinta. Batir ɗin litiyam na bolt 12 mai amfiya-awa 100 yana riƙe da kamar wat-awa 1,280. Idan gibin da zai riƙa cikewa amfiya 3 ne a bolt 120, wato wat 360, cikin awa uku da 'yan mintuna ya ƙare idan kwamfuresa ba ta hutawa, kuma a zafin Yuli da rana ba ta hutawa. Da dare, da take tsayawa tana tashi, batir yana samun damar farfaɗowa, shi ya sa abokin aikinka yake jin daɗinta. Amma kuɗin inbatar da batir da aikin haɗawa ya ninka kuɗin abin da Malam Abba yake bukata a zahiri, wato soket na amfiya 30 a bangon gidansa na waje, kusa da inda motar take tsayawa. Mai yawo a daji inda babu wuta shi ne inbata take yi wa rana. Wanda motarsa take ƙafa 20 daga akwatin wutar gidansa waya kawai yake bukata.

A nan ne kuma nake so a saurare ni da kyau, domin an yi asara mai yawa ta wannan hanya. Soket ɗin motar sunansa TT-30, kuma bolt 120 ne: wayar wuta ɗaya, nutural ɗaya, ta ƙasa ɗaya, bireka mai ƙafa ɗaya ta amfiya 30, waya mai lamba 10. Amma a ido yana kama da tsohon soket na injin busar da tufafi mai rami uku, wanda shi bolt 240 ne. Ma'aikacin lantarki da ya saba da gidaje bai saba da motoci ba yana iya ganin rami uku da lamba 30 ya ja masa wayar wuta biyu, kuma da zarar an jona, caja da talabijin da allon na'urar sanyi duk sun tafi a daƙiƙa ɗaya. Ka sa mai lasisi ya yi aikin, ya karɓi izinin hukumar gari idan ana bukata a wurinku, amma ka faɗa masa da bakinka cewa 120 ne, ka nuna masa rubutun da ke jikin soket ɗin, sannan kafin ka jona motar ka auna da mita a gabansa.

Alhaji Mai Tirela, Dalas:
Wannan ya faru da wani da muke lodi tare. Surukinsa ne ma ya yi masa aikin kyauta, ya ƙone masa caja da firji, har yau ba a tayar da zancen a gidan. Ni da za a bi tawa, tunda za a fasa bango a ja waya, a sa na amfiya 50 gaba ɗaya, wato soket ɗin da ake kira 14-50. Shi layi biyu ne na 120, kowanne amfiya 50, jimla wat 12,000, inda na 30 yake da 3,600 kacal. Yau motarsa na'ura ɗaya ce, gobe idan ya canja zuwa mai biyu ba sai ya sake kiran kowa ba, kuma irin soket ɗin da ake cajin motar lantarki da shi ne. Adafta daga 50 zuwa 30 ba ta da tsada.

Injiniya, Ohayo:
Idan akwatin wutar gidan yana da sarari da ƙarfin ɗauka, ban ƙi ba, Alhaji, sai dai waya mai lamba 6 ta fi mai lamba 10 tsada sosai, kuma tsohon gida mai amfiya 100 gaba ɗaya, ga na'urar sanyin gidan ga murhu ga injin busarwa, ba lalle ya ɗauki ƙarin 50 ba. Mai aikin ne zai yi wannan lissafi. Wanda kuma ya tarar da 14-50 a garejinsa da aka sa don cajin mota, ya tabbatar an ja masa nutural kafin ya jona motar kwana, domin cajar mota ba ta bukatarsa, wasu sukan bar ramin babu waya.

Ɗan Agadas, Karolina ta Arewa:
Injiniya, tunda ana kan batun, wani yayana yana so in saya masa irin wannan mota in tura masa ta Kwatano. Na'urar sanyinta za ta yi aiki da wutar can?

Injiniya, Ohayo:
Ba kai tsaye ba. Wutar Nijar da Najeriya bolt 220 zuwa 230 ce mai bugu 50 a daƙiƙa, ta nan kuwa 120 ce mai bugu 60. Sai da taransifoma mai rage wuta, babba wadda ta kai wat 4,000 ko fiye, kuma ita bolt kawai take canjawa, ba ta canja bugun, saboda haka kwamfuresa za ta riƙa juyawa da kashi biyar cikin shida na gudunta, sanyi ya ragu, zafinta ya ƙaru. Da janaretan motar za ta yi aiki daidai. Idan zama zai yi da ita wuri ɗaya, gara ya sa mata na'urar bango irin ta can.

Abban Yara, Teksas:
'Yan'uwa, ga inda aka kwana. Ɗakin wankinmu yana jikin gareji kamar yadda Injiniya ya yi hasashe, birekarsa 20 ce, kuma injin wanki kaɗai ne a kai. Na matso da motar har madubinta ya kusa taɓa bango, na sayi waya mai lamba 10 ta ƙafa 25 da sabuwar adafta. Ni da babban ɗana mun hau rufi da asuba mun wanke haƙarƙarin na'urar, ruwan da ya fito kamar kunun kanwa. Jiya ta yi awa shida tana aiki, mita tana tsakanin 113 da 115, da la'asar ta taɓa 111 ta dawo, kuma duk awa ina zuwa in taɓa fulogin, ɗumi kaɗan ne wanda hannu yake jurewa. Sau ɗaya wuta ta yanke, lokacin da uwargida ta yi mantuwa, sai ta kunna injin wanki, yanzu mun yi yarjejeniya wanki sai da safe kafin a kunna.

Duk da haka na kira mai lasisi, ya duba akwatin ya ce na amfiya 125 ne, zai ɗauki 30 cikin sauƙi amma bai ba ni shawarar 50 ba, saboda haka Alhaji a yi haƙuri. Da na ce masa 120 nake so ba 240 ba, sai ya yi dariya ya ce ya sani, na ce duk da haka a rubuta a takardar aikin, ya rubuta. Zai canja soket ɗin garejin ma, domin da ya buɗe shi bayansa ya yi baƙi. Ranar Alhamis zai zo, baƙi kuma sai Asabar ta sama. Na'urar sassauta tashi na yi odarta, tana hanya, kuma Alhaji idan kana gari ranar Lahadi ina neman ka zo da tsaninka, nawa bai kai rufin da kyau ba.

Alhaji Mai Tirela, Dalas:
Ina da lodi zuwa Oklahoma ranar Juma'a, amma in sha Allahu Asabar da dare ina gida. Ka cire wayar motar daga bango tun kafin in iso, kuma kada yaron ya taɓa kafasita ko da an kashe wuta, tana riƙe caji. Ka ɗauki hoton takardar haɗin wayoyi da ke manne a cikin murfin ka turo mini yau, in duba kafin in zo.